Ciwon Bayan Baba Soumaïla da Waƙoƙin Hindu

A ɗakin jiran likitan ƙashi a Greensboro, wani dattijo ɗan Nijar, Baba Soumaïla, ya ji wata mata, Nanven, tana Hausa a waya. Tana gamawa ya tanka mata.

"'Yata, wai yoga likita ya ce in yi. Ni da na tako daga Tawa har Kano a ƙafa shekarar fari, ko lakwal, makarantar boko, ban taɓa shiga ba, yau za a koya mini miƙa?"

"Ni ma ciwon baya ya kai ni ajin yoga, Baba. Kafin mu fara, malamar takan karanta mana waƙoƙin Hindu na shekaru ɗaruruwa, na begen Ubangiji."

"Ashe bauta ce!"

"Ni dai ban fasa zuwa coci ba. Waƙar ce ke kwantar da hankali, numfashi ya daidaita, sai jiki ya saki."

"Ana iya toshe kunne?"

"Ana iyawa. Sai dai bayan ba zai saki da wuri ba."

Ya murza ƙugu.

"Wata bakwai ke nan a kan kujera nake salla, goshina bai taɓa ƙasa ba. Wace rana kuke zuwa?"