Malamin da Ake Kira

Ranar da aka kori Keon daga makaranta, Malam Tolliver aka sa ya raka shi bakin ƙofa. Da yamma, a tashar bas a Baltimore, wata tsohuwa ta ƙura wa katin aikinsa ido.

"Kai ne malamin nan nasu baƙar fata? Jikana ka fitar yau."

"Kimiyya nake koyarwa, Mama. Daga aji aka kira ni."

"Kullum kai ake kira, ko?"

"In yaron namu ne."

"Don kada mu ce wariya ce. Fuskarka suka ɗauka aiki, ɗana, ba kimiyyarka ba."

Mota ta zo, ta hau. Bai samu ya gaya mata ba cewa a taron malamai shi kaɗai ya ce kada a kori yaron.