Na'urar Motar Gero

A rumfar cajin waya ta tashar Sabon Birni, wani dattijo ya miƙa wayarsa tana ta ƙara. Mutumin da ke gefensa ya dube shi.

"Alhaji, wayarka ba ta hutawa?"

"Na'ura munka sa ma motar gero. Ta tashi, saƙo. Ta tsaya, saƙo. Direba ya kauce ma rami, saƙo."

"Ai ka huta ke nan."

"Na huta. Mutum guda na ɗauka, aikinai karanta su. In mota ta shiga inda babu sabis, sai su taru su zubo a hargitse. Jiya 'ta iso' ya riga 'ta tashi' zuwa. Na tara 'yan dako, munka wuni kallon hanya."

"To ka cire ta mana."

"Ran da taya ta hwashe bayan Kurawa, ita tag gaya mani. Ba ni cirewa."

"Da can wa ka ba ka labari?"

"Direban. Ƙanena na. Kullum bayan la'asar sai ya kira, mu taɓa hira."

"Yanzu hwa?"

"In na kira shi, sai ya ce in duba saƙo."

Wayar ta sake ƙara. Dattijon bai waiwaya ba.