Saniyata da Katangar Bulo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni makiyayi ne daga wata ruga tsakanin Gwiwa da Roni. Tun ina yaro burtali ɗaya muke bi mu kai shanu mashaya, aguwa ta yi masa shinge dama da hagu, muna hango duwatsun Kazaure can nesa.

Bana da muka biyo shi, sai tsohuwar saniyata mai jan garke ta ja ta tsaya. Sabuwar katangar bulo ce a tsakiyar hanya. Maigidan ya fito ya ce, "Baba, yi haƙuri, nan aka yanka mini fili. Ina zan kai iyalina?" Na kasa yi masa faɗa. A ɓangarenmu an bar burtalin, da aka tsallaka iyaka kuma an mai da shi filaye. To, ina saniya ta san iyakar ƙaramar hukuma?

Na zauna a gindin tsamiya, tunani ya tafi da ni. Sai nake ganin manyan Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa a kan tabarma ɗaya da manoma da makiyaya, suna shatawa tare: nan gidaje, nan gonaki, nan burtali har bakin ruwa. Wallahi har sanyin ruwan na ji a ƙafata.

Malam, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa su zauna? Don da na ɗago kai, saniyar tana nan tsaye, tana jiran katanga ta ba ta hanya.

Naku, Buba makiyayi.