Hoton da Ya Iya Rufin Asiri

A ɗakin jiran likitan haƙori, wani direba ya dafe kunci, ya dubi dattijuwar da ke gefensa.

"Inna, an ce hoton haƙorin da ake ɗauka iri biyu ne. Wanne ya fi?"

"Ƙaramin da ake cizawa saurayi ne, fuska kawai yake gani. Mai zagaya kai kuwa dangin miji ne, har bayan saiwa yake leƙawa ya ga inda take narkewa."

"Ƙaramin nake so. Tun da sitiyari ya bugi haƙorin nan ba na son tone-tone. A rufa min asiri."

"Ai ya iya, ɗan nan. Ni ma bara cewa ya yi lafiya lau."

Ta sakar masa murmushi. Direba ya ga giɓin da ke bakinta, ya miƙe yana tambayar ina ɗakin mai zagayen.