Tasar Safara'u a Kan Giginya

Inuwa: Halo? Tashar jirgi ta Malam Madori? Salamu alaikum.

Shu'ibu: Alaikumus salam. Wa ke magana?

Inuwa: Yaya Shu'ibu, ni ne Inuwa, daga gidan waya na Haɗeja. Ina kwana?

Shu'ibu: Lafiya.

Inuwa: Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya ruwa?

Shu'ibu: Ruwa ya yi gyara.

Inuwa: Mu nan kogi ya cika har ya shanye fadama. Yaya mai jego da jaririn? An yi suna lafiya? Safara'u fa, ta ce yaushe za ta dawo gida?

Shu'ibu: Ɗaga murya, wayar na ƙara.

Inuwa: Na ce matata, ƙanwarka... to, bar wannan tukuna. Yaya, jiya bayan la'asar, ka ji ni? Na kunna akwatin rediyon nan da muke haɗawa, na yi magana ta fi ta minti goma. Ko tari ka ji?

Shu'ibu: Ni ban ji komai ba.

Inuwa: Kash. Shekara biyu ke nan muna fama. Ko saitin ne ya goce? Wannan karon na ɗaure ta can ƙololuwar giginyar bakin kogi, ta fuskanci tankin ruwan tasharku sak, yadda aka koya mana muna soja a yaƙin Boma.

Shu'ibu: Me ka ɗaure?

Inuwa: Abin da ke tattara muryar ya cilla ta. Wani faffaɗan ƙarfe ne na samu.

Shu'ibu: Faɗi sunansa mana. Tasa ce. Babbar tasar tagulla ta uwarmu, Allah ya jiƙanta, wadda Safara'u ta gada. Ka cire ta daga jere, ka huda tsakiyarta da ƙusa.

Inuwa: Halo? Wayar ta...

Shu'ibu: Waya lafiyarta lau. Ka ji ni sarai.

Inuwa: Ai ka ce ba ka ji komai ba.

Shu'ibu: Ni ban ji ba. Jirgin kaya ya shigo daidai lokacin, dole na fita. Safara'u ta kawo mini abinci, sai na sa mata abin sauraren a kunne, na ce in ta ji motsi ta kira ni. Ba ta kira ni ba. Da na dawo na tarar da ita zaune a ƙasa, abin na kunnenta, hawaye har wuya.

Inuwa: Inna lillahi. Me ta ji?

Shu'ibu: Ni kake tambaya? Kai ka faɗa. "Yaya, tasar Safara'u ta yi aiki, kada ka gaya mata, ta ɗauka sace ta aka yi." Har da dariya, in ji ta.

Inuwa: Wallahi aro na yi. Na yi niyyar kai wa maƙeri ya liƙe hudar, in mayar da ita ba wanda ya sani.

Shu'ibu: Tasa ta ci uwarta! Wa ke ta tasa? 'Yar'azumi fa? Tsohuwar da ta goya Safara'u a bayanta, ta bi ta gidanka, shekara tara tana muku daka da wanke-wanke. Safara'u ta zazzage ƙunshin kayanta a tsakar gida gaban matan unguwa, ta kira ta ɓarauniya. Tsohuwa ta shiga kwalekwale ta tsallaka ƙauyensu, ko sallama babu. Kana ina ranar?

Inuwa: Ina... ina ɗaki.

Shu'ibu: Kana ɗaki kana haɗa wayoyi.

Inuwa: Abin ne ya zo da sauri, Yaya. Na ce bari ƙura ta lafa, in bi ta in ba ta haƙuri. Kuma kai ma fa kai ka ce kwanon sha ya yi ƙanƙanta, a nemo babba mai zurfi.

Shu'ibu: Na ce ka nemo, ban ce ka sa a yi wa marar gata ƙazafi ba. Sati uku, Inuwa. Sati uku kana cin tuwo a gidanka, ba ka faɗi gaskiya ba.

Inuwa: Ba ni Safara'u mu yi magana. Don Allah.

Shu'ibu: Ta bi motar safe. Ba gidanka za ta ba, bakin kogi za ta, ta nemi mai fito. Ta ce za ta durƙusa wa tsohuwa gaban mutanen ƙauyen, kuma ba za ta taka gidanka ba sai 'Yar'azumi ta yarda ta shiga gabanta.

Inuwa: Da wannan ruwan? Bari in tare ta a mashaya. Yanzu zan hau in kwance tasar in...

Shu'ibu: Bar ta a can, kowa ya gani. Akwatina kuwa na cire masa batir, kada ka ƙara nemana bayan la'asar.

Inuwa: Yaya, tsaya. Ba ta bar mini ko saƙo ba?

Shu'ibu: Ta bari. Ta ce in yi maka barka. Muryarka ta yi tafiyar mil goma sha biyu ta iso tar, amma ranar da ake tozarta tsohuwa ta kasa fitowa daga ɗakinka zuwa tsakar gida.

Inuwa: Yaya Shu'ibu... Halo? Halo?