Haruffa Uku da Suka Jiƙa Bikin Mama

Mai girma Shugaban Ƙungiyar Masu Rubuta Manhaja ta unguwar Yaba, Cif Adegoke Sobowale. Iyayenmu da ke kujerun gaba. Injiniya Fijabi na Kamfanin Ojuola, wanda na ga ya fara duba agogo tun ban buɗe baki ba. 'Yan uwana da ke baya kusa da tukunyar shinkafa, ina gaishe ku baki ɗaya, ina muku barka da wannan rana.

Ina godiya da aka saka ni, Rasaki Ogundipe, cikin masu tantance takardun bayanin manhajoji na bana. Na san an saka ni ne don a cika kujera. Kuskuren da aka yi, ba a tambaya ko ina karatu ba. Ina yi. Har takardar da aka naɗe mini ƙosai sai na karanta.

Magana ta farko. Yau za a miƙa wa Kamfanin Ojuola lambar yabo ta takardar bayani mafi kyau, kuma a yau ɗin za a cire sunan yayarmu Morolake daga rajistar ƙungiya, bisa zargin ɗan aiken na'urar da ta gina ya yi ƙarya. Wanda aka cire daga rajistar nan, babu mai sake ba shi aiki daga nan har Ikeja. Na zo in ce an bar jaki ana dukan taiki.

Kowa ya san abin da ya faru. Mahaifiyar Shugaba ta cika shekara tamanin, aka sa biki ran Asabar. Mai hayar rumfuna yana aiki da ɗan aiken Morolake, wanda ke leƙa kasuwar hasashe ya ga inda jama'a suka karkata: masu cewa za a yi ruwa ran Asabar su sayi Eh, masu cewa ba za a yi ba su sayi A'a. Ɗan aike ya tambayi manhajar Ojuola, mai ba da farashin kasuwar, ta ce masa kobo takwas cikin naira. Ya ɗauka Eh ce ta yi araha haka, ya dawo ya ce ruwa ba zai zo ba. Aka bar rumfuna a mota. Ƙarfe biyu sama ta tsage. Mutum ɗari huɗu cikin anko, gwaggwaro ya kwanta a kan mata kamar ganyen ayaba, amala ta koma kunu, makaɗi ya rungume gangarsa ya shige ƙarƙashin tebur. Na ji ƙanwar Mama da kunnena tana cewa, "Adegoke, wannan ce na'urar da kake mana taƙama da ita? Da gwiwata ka tambaya, tun Laraba take ciwo!"

Magana ta biyu, takardar. Shafi ɗari biyu da goma sha biyu. Shafi tara tarihin Injiniya ne, har da hotonsa yana kallon teku. Na karanta duka, na zo inda ya kamata a bayyana farashi, sai na tarar da layi ɗaya tilo. Ku saurara, zan karanta a hankali don kada hikimar ta wuce ku: "Farashi: wannan shi ne farashin." Shi ke nan! Farashin me? Na Eh ko na A'a? Ɗan aiken na'ura ba ya duban fuska, ba ya buga waya ya ce Oga me kake nufi. Abin da aka rubuta shi yake haɗiyewa.

Sai na tona da kaina. Kamfanin, don kishin harshe, ya mayar da amsoshin zuwa Yarbanci. Madalla. A bakinmu Eh ita ce beeni, A'a ita ce beeko. Amma gurbin da suka tanada haruffa uku kacal yake ɗauka. Beeni ta zama BEE. Beeko ta zama BEE. Manhajar kuma tana miƙo wadda ta riga a jerin baƙaƙe, wato beeko. Kobo takwas ɗin na masu cewa ba za a yi ruwa ba ne! Kasuwa tana ihun ruwa na zuwa, takarda ta yi gum.

Na buga wa Injiniya waya. Ya ce, "Kai yaro, wace jami'a ka yi?"

Na ce, "Oga, ta ƙarƙashin gada, inda ake sayar da tsofaffin littattafai."

Ya ce, "Ai duk mai hankali ya san da beeko ake farawa."

Na ce, "To Oga, kai ma na gan ka ranar kana matse babbar riga. Ina hankalin ya tafi?" Ya kashe waya.

Saura ta uku, gajera ce. Takardar bayani ba a auna ta da kauri, ba a auna ta da sheƙin bango. A miƙa ta ga baƙon da bai san kowa ba, mutum ko na'ura. In ya yi aiki daidai ba tare da ya tambayi ɗan gida ba, takarda ta ci sunanta. Wannan ta faɗi.

Don haka ina roƙo a bar sunan Morolake inda yake. Duk wanda ya yarda ya ɗaga hannu. A'a, kada wanda ya ce mini "bee", hannu nake so. Yawwa, baya duk sun tashi. Tsakiya ma. Ranka ya daɗe Shugaba, hannun nan naka ɗagawa ce ko susar ƙeya? Ɗagawa ce. Sakatare, rubuta da cikakkun haruffa. Anti Morolake, share hawayenki, Litinin akwai aiki.

Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya kai mu bikin casa'in ɗinta. Allah Ya ba Injiniya haƙurin gyara layi ɗaya. Allah Ya albarkaci wannan ƙungiya, Ya tsare mu daga ɗora wa mai gaskiya laifin babba, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.