Zabin malamin Suhaib

A tashar Gaya, a gabana, wani manomi riƙe da zabi biyu ya roƙi wani ɗan tireda ya bar wa ɗansa kujerar gaba. Hannun yaron a ɗaure yake.

"Na bar masa, amma kai za ka biya mini kuɗin mota."

"Na yarda, Alhaji."

"Me ya same shi?"

"Daga amalanke ya faɗo a hanyar Toranke, bayan an tashi makaranta. Malaminsu ne ya kai shi wajen mai ɗori a babur. Sauko ka gaida Alhaji, Suhaib."

"Bar shi ya zauna. Malamin ya biya kuɗin magani?"

"Shi ya tura shi? Ai zabin nan nasa ne, godiya zan kai."

"Kai bawan Allah, ba ka san gari ba. Yaro na sanye da kayan makaranta, ai a wuyan malami yake. Da ɗana ya yanke a ƙafa wajen ƙwallo, gaban hukuma na kai malaminsu. Sai da ya biya."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ko ciwon kai ya yi ba mai taɓa shi, sai dai su kira ni. Yau ma, ranar kasuwa, shago na rufe, makarantar za ni."

"Allah ya ba shi lafiya."

Ni dai a lissafina, malami ya ci zabi, manomi yana da mai ɗaukar masa ɗa idan ya faɗi. Alhaji ya tsira da kuɗin mota, ya rasa cinikin ranar kasuwa.